Kuskuren da Ya Je Aron Faifai

"Ga ta nan, ga ta nanku, ga ta tafe tana ɗingishi."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mu ba ta wurin zama."

To, ku gyara zama. Ke Hansai, janye zaninki daga bakin murhu, kada ki ja mana salati.

A wani gari can bakin fadama, akwai Gizo da matarsa Ƙoƙi. Gizo dai kun san shi, ciki kamar tulu, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, ga tsamin baki, in zai ce Malam sai ya ce Mayam. Ita kuwa Ƙoƙi, Allah ya yi ta da fargaba. In ta taka inuwar mutum sai ta juyo ta ce, "Don Allah ka yafe mini." In tuwonta ya yi gudaji, ranar ba ta da sauran sukuni, ta yi ta istigfari kamar wadda ta ƙona rumbun gari. Ko tsintsiya ce ta suɓuce daga hannunta, sai ta ba ta haƙuri. Shi ya sa har yau in kun ga ƙoƙi a kan kara, hannuwanta a haɗe suke a gabanta. Roƙon gafara take yi.

Amma wannan fargabar ta saya mata abu guda, wato suna. Duk garin an san in ka ba Ƙoƙi ajiya, yadda ka ba ta haka za ka karɓa. Ba ta da saniya, ba ta da akuya, miji kuma ga irin wanda Allah ya ba ta. Abin da take taƙama da shi a duniya shi ne a ce, "Ƙoƙi mai amana."

Ana nan, bazara ta kusa ƙarewa, sai ga maƙwabciyarta Zabuwa ta shigo da tukunya a ka, an liƙe bakinta da laka.

Ta ce, "Ƙoƙi, uwata ba lafiya a ƙetaren kogi, zan je jinya. Wannan irin gyaɗata ne, na ɓare, na zuba masa toka saboda ƙwari. Shi ne abincin 'ya'yana goma sha biyu na baɗi. In ya salwanta, mun shiga uku. Da ruwan shuka ya sauka zan dawo."

Ƙoƙi ta ce, "Wayyo Zabuwa, wannan kaya da nauyi yake. In ɓera ya ci fa? In ɗaki ya yi yoyo fa?"

Zabuwa ta ce, "Wannan 'in' ɗin naki shi ya sa na kawo miki. Wanda ba ya tsoro ba a ba shi ajiya."

Ƙoƙi ta karɓa da hannu biyu, ta tura ƙarƙashin gado, kusa da tata tukunyar gyaɗar da take ƙuli-ƙuli da ita. Tukwanen kuwa maginiya ɗaya ta gina su, kamar an tsaga kara, ita ma ta Ƙoƙi bakinta a liƙe da laka.

Ranar nan da la'asar, Malam Kunkuru, tsohon malamin garin, yana karatu a gindin tsamiya. Gizo ba mai zuwa karatu ba ne, amma ya ji an ce akwai sadakar ƙosai, sai ga shi a sahun gaba, har da rawani.

Malam Kunkuru ya miƙo wuya a hankali ya ce, "Ku sani, bayin Allah... wanda ya yi abu bisa kuskure... ko bisa mantuwa... ba a rubuta masa zunubi."

Sai ya tsaya ya huta. Shi kuwa Malam Kunkuru, tsakanin maganarsa da "amma" ɗinsa, sai mutum ya je kasuwa ya dawo. Gizo ya duba ya ga ƙosai ya ƙare, ya ce a ransa karatu ma ya ƙare. Ya karkaɗe rigarsa ya yi gida da gudu.

"Ƙoƙi! Ƙoƙi! Na shamo mabuɗi!"

"Mabuɗin me, maigida?"

"Mabuɗin kowane yumbu a gayin nan. Kayma ɗaya ce tak. Kushkuye!"

Ƙoƙi ta ce, "Kuskure? Malam ne ya faɗa? Ka tabbata ka ji ƙarshen maganar?"

Gizo ya ce, "Ƙayshen magana na mashu dogon zama ne."

Ƙoƙi ta tashi. Ta ɗauke tukunyar Zabuwa daga ƙarƙashin gado ta kai bayan randa.

Kashegari da hantsi, Zomo ya je gonarsa ta fadama, sai ya tarar da Gizo yana mirgino ƙatuwar kabewa, wadda Zomo ya yi wata uku yana ba ta ruwa.

"Kai Gizo! Ina za ka da kabewata?"

Gizo ya dafa ƙirji. "Taka ce? Shubhanayyahi! Kushkuye ne, ɗan'uwa. Na ɗauka gonata ce."

"Gonarka? Gizo, yaushe ka taɓa yin gona?"

"To ai shi ne kushkuyen! Kuma Mayam ya ce babu zunubi. Ko za ka ja da Mayam?"

Zomo ya sosa kunne. Shi ma yana wurin karatun, amma barci ya ɗauke shi kafin Malam ya ci gaba. Ya ce, "A'a, wane ni. To, tunda an riga an tsinke..." Kafin ya rufe baki, Gizo ya yi gaba da kabewa.

Da Ƙoƙi ta ji, ta ƙulla daddawa a ganye ta kai gidan Zomo, ta durƙusa ta ce, "Ku yafe mana." Zomo ya ce, "Ke me kika yi?" Ta ce, "Na ci loma ɗaya a miyar kafin in san asalinta." Ta dawo gida ta ɗauke tukunyar Zabuwa daga bayan randa ta kai cikin rumbu.

Rana ta biyu, Akuya mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta a inuwa, ta zaga bayan gari. Dawowar da za ta yi, sai ta ga Gizo ya kafa kai a ƙwaryar, sai maƙogwaro ke motsi, ƙwat, ƙwat, ƙwat.

"Lalalala! Gizo, nonon nawa?"

Gizo ya ɗago, gemu fari fat. "Nono ne? Ashsha! Na ɗauka yuwa ne. Aywaya zan yi, na zo kushkuye baki."

"Kuskurar baki? Mai kuskurar baki ai zubarwa yake yi!"

"To ai nan ne aka yi kushkuyen. Na kushkuye, maimakon ya fito shai ya wuce. Na shake, ya shake wucewa. Kin shan shau uku ake yi."

Akuya ta leƙa ƙwaryar ta ga ko ƙuda ba zai jiƙa ƙafa ba. Ta ce, "Wannan alwala taka, Allah ya sa ba wanka ka yi niyya ba."

"Mayam dai ya ce babu zunubi," in ji Gizo, ya goge baki ya tafi.

Ƙoƙi ta sake ƙulla daddawa ta kai gidan Akuya, ta durƙusa ta ce, "Ku yafe mana." Akuya ta ce, "Ƙoƙi, daddawarki za ta ƙare, kuskuren mijinki bai ƙare ba." Ƙoƙi ta dawo gida. Ta fito da tukunyar Zabuwa daga rumbu, ta ce nan ne farkon inda Gizo zai duba. Ta mayar ƙarƙashin gado, ta ɗauki tata ta kai rumbu. Can ta ce a'a, ta sake musanyawa. Can kuma ta ce a'a. Ta yi ta kai da kawowa har ita kanta ba ta san sau nawa ba.

"Kaka, ai za ta rikice."

Kai dai Gambo, bari ka ji.

Rana ta uku jajibirin kasuwa ce. Ƙoƙi ta hura wuta, ta ɗora kasko, ta jawo tukunyar da ta tabbata tata ce. Ta fasa lakar, ta ɗebi mudu guda ta zuba, ta yi ta juyawa har gyaɗa ta yi ja, ƙamshi ya cika gida. Ta sauke, ta sake zura hannu za ta ɗebo na biyu. Da ta zaro hannun, sai ta gan shi fari da toka har wuya.

Ƙoƙi ta zauna daɓas.

"Innalillahi! Irin Zabuwa na soya! Na ci amana! Na kashe 'ya'ya goma sha biyu!"

Ku kun san soyayyiyar gyaɗa ko shekara ta yi a ƙasa ba ta tsirowa.

Gizo ya ji ƙamshi ya shigo. Ya dubi kasko, ya dubi tukunya, idanunsa suka yi ƙyalli. Ya ce, "Haba Ƙoƙi, me ye na kuka? Kushkuye ne. Kin ga ke ma kin iya."

Ƙoƙi ba ta ko saurare shi ba. Ta zabura ta fita a guje sai gidan Malam Kunkuru, ba ta ma san da faifai a hannunta ba. Ta faɗi a gabansa.

"Allah ya gafarta Malam, na halaka! Wuta zan shiga, ko?"

Malam Kunkuru ya ce, "Wutar da kika hura a murhu... ta ishe ki yau. Me ya faru?"

Ta kwashe labari ta faɗa masa, tana kuka tana yi masa fifita da faifan. Malam ya ce su je ya gani da idonsa. Suka kama hanya bayan azahar. Tsakanin gidan Malam da gidan Gizo, in ku ne, kafin a ƙirga ɗari kun isa. To da Malam Kunkuru ake tafiya. Ƙoƙi ta yi gaba ta dawo, ta yi gaba ta dawo, har ta haƙura ta bi takunsa.

Suna tafe ya ce, "'Yata, kin san asalin kalmar nan, kuskure?"

"A'a, Malam. Ni karatuna bai wuce na salla ba."

"Maganar maharba ce. Maharbi ya auna barewa, ya saki kibiya, ta kauce ta sami kututture. Sai a ce ya kuskure. To duk wanda ya ce miki ya yi kuskure, ki tambaye shi, me ka auna? Ke me kika auna?"

"Gyaɗata, Malam."

"Me kika samu?"

"Ta Zabuwa."

"To kin kuskure. Tsakaninki da Ubangijinki babu zunubi, don Shi zuciya yake dubawa. Amma..."

Sai ya tsaya hutawa. Ƙoƙi ta tsaya, ta jira. Rana ta karkata, ta jira. Wani ɗan tsako ya zo ya wuce su ya dawo, ta jira.

"...amma kututturen nan in na wani ne, sai ka je ka gaya wa mai shi da bakinka, ka gyara abin da ka ɓata. Allah yana yafe nasa. Haƙƙin maƙwabci kuwa, sai maƙwabci. Mudu kika soya, mudu za ki mayar."

Ƙoƙi ta ce, "Shi ke nan? Ba azumin wata biyu?"

"Ke dai kina son wahala. In an ba ki rangwame sai ki ce a ƙara. Da kowane tuntuɓe zunubi ne, da mu masu gajerun ƙafafu mun fi kowa shiga Aljanna."

Ƙoƙi ta ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinta. Rabonta da murmushi tun ranar da aka kawo tukunyar.

Ba su isa gida ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Suka tarar da Gizo a kishingiɗe yana sakace. Kasko wayam. Ƙoƙi ta ruga ta leƙa tukunyar Zabuwa. Wayam, ko tokar babu.

"Maigida! Ina irin?"

"Wane iyi? Au, wancan? Kushkuye ne. Na ɗauka taki ce. Shannu da zuwa, Mayam, ai kayatunka nake ta aiki da shi."

Ƙoƙi ta ɗora hannu a ka. Dutsen da ya sauka ya dawo da ƙaninsa. Mudu ɗaya tana iya mayarwa, amma tukunya guda ta zaɓaɓɓen iri? Tata gyaɗar ko rabi ba ta kai ba.

Malam Kunkuru ya dubi Gizo. Ya ce, "Ba a shari'a sai mai kaya na nan. A jira Zabuwa."

Bai rufe baki ba hadari ya taso daga gabas. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ruwan shuka sosai. Gari ya waye kowa ya ɗauki sungumi da iri ya yi gona, ana ta murna. Ƙoƙi kaɗai ke zaune a bakin ƙofa tana kallon hanya. Kogi ya cika ya hana ƙetarewa, Zabuwa ba ta samu dawowa ba sai bayan kwana bakwai. A kwana bakwan nan Ƙoƙi ta rame, ita da dama ba auki. Gizo ya ce mata, "In ta zo ki ce ɓeya ne." Ta ce, "A'a." Ya ce, "To ki ce gaya ce." Ta ce, "A'a." Ya ce, "To ki ce ba ta ba ki komai ba, wa ya gani?" Ta ce, "Maigida, ni na gani."

Rana ta bakwai ta hango Zabuwa tafe. Ba ta jira ta iso ba. Ta ɗauki tata tukunyar a ka, ta tare ta a hanya, ta durƙusa.

"Zabuwa, kafin ki sauke kaya ki ji daga bakina. Na rikita tukwane, na soya mudu guda na irinki. Na fita neman fatawa na bar tukunyar a buɗe, na dawo babu sauran. Ga tawa, ba ta kai taki ba, amma ita ce duk abin da na mallaka."

Zabuwa ta saki ƙunshinta. Kun san bakin zabuwa. Ta fasa kuka, gari duka ya ji. "Wayyo 'ya'yana! Kowa ya yi shuka, ni gonata fayau! Ƙoƙi, ke da ake cewa mai amana?"

Wannan kalmar ta fi bulala zafi. Ƙoƙi ta sunkuyar da kai.

Aka taru a gindin tsamiya. Malam Kunkuru ya fara da Ƙoƙi. Ya ce, "Wannan ta auna tata ta sami ta wani. Da ta gani ta tsaya, ta yi kuka, ta faɗa da bakinta, ta kawo abin gyara. Wannan shi ne kuskure da uwarsa da ubansa." Ya juya wuya. "Saura kai, Gizo."

Gizo ya gyara rawani. "Mayam, nawa ma iyin nata ne. Tukunya ɗaya, kushkuye ɗaya."

"Me ka auna?"

"Gyaɗay Ƙoƙi."

"Da ka jefa ta farko a baki, ba ka ji toka ba?"

"Ban ji ba."

"Tukunya guda ta gyaɗa mai toka, ba ka ji ba?"

"Ko kaɗan. Tash take, kamay an wanke."

Sai Zomo ya miƙe kunnuwa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da magana. Ranar nan da azahar, Gizo ya zo gidana aron faifai. Ya ce Ƙoƙi ta fita da nasu. Na ce me za ka yi da shi? Ya ce wata 'yar toka zai bakace. Har yau ma bai dawo mini da shi ba."

Malam Kunkuru ya ja wuyansa ciki, ya sake fito da shi. Ya ce, "Shekarata ɗari da ashirin ina karantarwa. Na ga kuskuren hannu, na ga na harshe, na ga na ido. Amma ban taɓa ganin kuskuren da ya sa takalmi ya je aron faifai ba."

Jama'a suka fashe da dariya. Akuya ta ce, "Malam, tambaye shi ma, me ya sa kuskurensa bai san wata hanya ba sai ta bakinsa? Ya taɓa yin kuskure ya share ƙofar gidan wani?"

Gizo ya ce, "Ai kai ka ce babu zunubi, Mayam!"

"Na ce. Ka tsaya ka ji 'amma'?"

"Ƙoshai ya ƙaye."

"To yau za ka ji ta, ba ƙosai. Abin da ka yi sunansa ganganci. Shi da kuskure a nesa kamarsu ɗaya, kamar tukwanen Ƙoƙi, amma in an zura hannu sai a ga toka. Mai ganganci yana da laifi wurin mutane, yana da zunubi wurin Allah. In kuma ya sa wa gangancin rigar kuskure, ya ƙara da ƙarya. Tsakaninka da Ubangiji sai tuba, wannan ba ni zan yi maka ba. Tsakaninka da Zabuwa kuwa, za ka shuka mata gyaɗar Ƙoƙi, ka nome gonar har kaka. Ku tashi mu je a nuna masa iyakarta."

Aka ɗunguma. Zabuwa na gaba tana sharar hawaye, Ƙoƙi na bayanta da tukunya, Gizo na jan ƙafa, Zomo da Akuya sun ɗauki Malam a kan faifan Ƙoƙi don kada a kwana a hanya. Gonar Zabuwa can take bayan wani tudu, ƙasa mai yashi, ta share ta tun kafin tafiyarta.

Suna hawa tudun sai Zabuwa ta tsaya cak.

Gona kore shar. Gyaɗa ta tsiro layi-layi, bibbiyu a kowane rami, kamar an ja igiya. Ko gwanin manomi sai haka.

Zabuwa ta ce, "Ikon Allah! Wa ya shuka mini?"

Kafin kowa ya yi magana, sai Gizo ya kurma ihu, ya faɗa cikin gonar yana tone-tone.

"Wayyo gyaɗata! Wayyo ajiyata! Duk ta yayace, ta fitay da ganye!"

Malam ya ce, "Ajiyarka? Ba ka ce ka cinye ba?"

Gizo ya toshe bakinsa, amma magana zarar bunu ce. Da aka matsa masa sai ya faɗa. Ashe soyayyen mudun nan kaɗai ya iya cinyewa, cikinsa ya cika. Sauran ya bakace ya ɗauko ya zo ɓoyewa. Ya ce in ya binne wuri ɗaya, Kurege zai tone ya kwashe. Sai ya sami wani fili mai laushi da ya ɗauka ba na kowa ba ne, ya yi ta tona 'yan ramuka yana jefa bibbiyu yana take su da diddige, a jere don kada ya manta inda suke. Bai san ruwa zai sauka ranar ba. Bai kuma san gonar wa ce ba.

Akuya ta yi dariya har ta faɗi. Zomo ya ce, "Gizo, ashe ka iya noma!"

Malam Kunkuru ya ce, "Jama'a, ku shaida. Yau Gizo ya yi kuskure na gaskiya, na farko a rayuwarsa. Ya auna sata, kibiyar ta kauce ta sami alheri."

Gizo ya ji an ce alheri, sai ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. "To Mayam, tunda ayheyi ne, ina yadana? A soke noman nan, a kuma ba ni yabin gyaɗay."

"Lada? Lada kibiya ba ta bi, niyya take bi. Yadda ba a rubuta wa Ƙoƙi zunubin abin da ba ta nufa ba, haka ba a rubuta maka ladan abin da ba ka nufa ba. Shuka dai ka huta da ita. Noma na nan, na fari da maimai. In ka gama, ka je ka yi wa Zomo ban ruwan kabewa, ka yi wa Akuya yankan ciyawa."

Ƙoƙi ta sauke tukunyarta. Ta auna mudu guda, ta cika shi har ya yi tozo, ta ƙara da hannu biyu, ta miƙa wa Zabuwa. Akwai ɗan gefe guda da iri bai kai ba, nan take suka durƙusa su biyu suka shuke shi.

Zabuwa ta kama hannunta ta ce, "Ƙoƙi, na faɗa miki magana a hanya cikin zafin rai. Ki yafe mini."

Ƙoƙi ta rikice. Tunda take, ita ke roƙo, ba a taɓa roƙonta ba. Ta ce, "A'a, ke za ki yafe mini." Zabuwa ta ce, "A'a, ke dai." Suka yi ta yi har Malam ya ce, "Ku yafe wa juna a tashi, ni da tafiya a gabana."

Zabuwa ta ce, "Baɗi ma ke zan kawo wa irina. Wanda ya tare ni a hanya da gaskiya, ya fi mini wanda bai taɓa fasa komai ba. Sai dai don Allah ki ɗaura wa tukunyar jan tsumma."

Gizo kuwa ya sha noma damina guda, har ƙugunsa ya tsuke. Shi ya sa kuke ganinsa haka.

To kun ji, jikokina. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. In kun fasa ƙwarya ba da nufi ba, kada ku ɓoye, kada kuma ku kashe kanku da fargaba. Ku zo ku faɗa, a gyara. Amma kada wanda ya lashe mini zuma ya zo yana cewa kuskure ne, don zan tambaye shi me ya auna. Kalma ba ta wanke abin da zuciya ta ƙulla. In kuma babba na magana, ku tsaya har ya kai "amma".

Ƙungurus kan kusu, kusun ma ya ce kuskure ne ya kai shi rumbu. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya, ita ma ɗin ba da kuskure na shirga muku ba.